Shekarar da Na Sallami Malam Arzika

Gidan Dare, Sakkwato.

Zuwa ga ɗiyata Lubabatu, mai sunan mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Uwata, ina gaishe ki gaisuwar uban da ɗiyarsa ta faranta wa rai. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya a duk inda kika buɗe ta, ko a cikin mota ko bayan kin sauka. Allah Ya tsare miki hanya, Ya kare direbanku daga gyangyaɗi da gaggawa, Ya sauke ki a hannun mutanen kirki.

Na karanta takardar ɗaukarki aiki har sau uku. Sun ce ke za ki riƙa sa ido a kan gandun itatuwan kamfanin can ƙasar Jigawa, ki auna abin da ma'aikata suka yi, ki rubuta wa manya rahoto. Na yi murna ƙwarai, amma gabana ya ɗan faɗi, domin aikin nan na taɓa yin sa, kuma na yi shi mummunan yi. Kin tashi kin tarar ana zuwa lambuna daga nesa ana sayen dashe, ana ce mini gwani. Ba ki san shekarar da saura kaɗan in rufe lambun ba, don lokacin kina goye a bayan innarki. Yau zan ba ki labarin yadda ya faru, ba tare da na gyara wa kaina komai ba.

Lambun namu na bakin fadamar Kwalkwalawa bai fi shekara uku da buɗewa ba, sai wani Alhaji mai babbar gona a bayan Kalambaina ya ba ni aikin da ban taɓa samun irinsa ba. Yana son a kewaye masa gonar da itatuwan dogon yaro da na turare, layi-layi, don su tare iska. Sharaɗinmu shi ne in dasa da damina, in yi ban ruwa duk tsawon rani, in danƙa masa itatuwa rayayyu bayan bazara. Na ɗebi ma'aikata na raba su biyu. Gefen gabas na ba Sahabi, wannan dai Sahabin da kika sani, lokacin yana magidanci mai ji da ƙarfi. Gefen yamma na ba Malam Arzika, manomi daga Kwalkwalawa, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, mutum marar yawan magana.

Ina tsoron damina ta wuce ban gama ba. Sai na samo allo na rataye a jikin wata aduwa, na ce kullum da la'asar za a rubuta ramin da kowane gefe ya haƙa ya dasa, kuma da yawan ramin mutum za a biya shi. Na ji daɗin dabarar nan tawa, har na riƙa ba abokaina labari.

Cikin mako guda gefen Sahabi ya ninka na Malam Arzika. Na riƙa yabon Sahabi a gaban kowa. Wata rana na taka gefen yamma na tarar da Malam Arzika a durƙushe, ya zura hannunsa cikin rami har kafaɗa, yana tsince tsakuwa. Ƙasar wajen nan kin san ta, farin dutse ne a ƙarƙashi.

Na ce, "Malam Arzika, rijiya na sa ka haƙa ko ramin dashe?"

Ya ɗago ya ce, "Maigida, ƙasar ga fako ta. In ba a huda dutsen ba, saiwa ba ta da wurin zuwa. Kuma ledar dashen ga sai an yanke ta a hankali, kar ƙasa ta watse."

Na ce, "Ni dai allo nake kallo. Ka dubi lambar Sahabi, ka dubi taka."

Ya ce, "Na gani." Ya mayar da hannunsa cikin ramin.

Uwata, ki kula da wannan. Duk abin da kika rubuta a allo, shi mutane za su kawo miki. Ni itatuwa nake so, amma rami na rubuta, rami kuwa na samu har ya yi yawa. Kafin ki amince da kowane ma'auni da za a ba ki a ofis, ki zauna ki tambayi kanki: in ni ce ma'aikaciya, ina da iyali, rana tana duka na, ta wace gajeriyar hanya zan cika lambar nan ba tare da icce ya amfana ba? In kin samo hanyar cikin minti biyar, ki tabbata su sun samo ta tun kafin ki iso. Ba mugunta ba ce, haka ɗan Adam yake.

Aka gama dashe, damina ta ɗauke, aka shiga ban ruwa da amalanken jaki da duro daga rijiyar gonar. Lokacin na sayi babur, na fara jin kaina wani abu. Kowace Alhamis da hantsi nake zuwa duba aiki, ban taɓa saɓa ranar ba, ina ganin hakan shi ne tsari. In na iso sai in bi hanyar mota da ta kewaye gonar a kan babur, in ga layin bakin hanya kore shar, gindinsa a jiƙe. In zauna a inuwar aduwa a kawo mini takarda: an ba layi kaza ruwa, an ba layi kaza. In sa hannu in dawo gida in ci tuwo da daɗin rai. Ban taɓa sauka na shiga layi na uku ba, balle na shida. Daga baya ne na ji cewa ranar Laraba da yamma masu amalanke ba su da wani aiki sai layin bakin hanya.

Na san ke kina da kayan aikin da ni ban samu ba. Kin nuna mini yadda waya ke ɗaukar hoton icce ta faɗi daidai inda yake tsaye, kin kuma nuna mini ɗan jirgin nan da ke tashi ya hango gandu daga sama. Wallahi abin ya burge ni, kuma ki yi amfani da su iyakar iyawarki. Sai dai hoto, wani ne ya zaɓi inda zai tsaya ya ɗauka. Ki sayi takalmi mai ƙwari. Ki je ranar da ba a zata ba, ki shiga ta inda ba ƙofa ba, ki tona gindin icce da yatsanki ki ji ko laimar ta wuce saman ƙasa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda zan faɗa yanzu. Ana cikin rani, wata Alhamis, Malam Arzika ya jira har na sa hannu a takarda, ya matso kusa da ni ya rage murya.

Ya ce, "Maigida, in ka samu sarari, mu taka tsakiyar gabas ni da kai. Akwai abin da ya kamata ka gani."

Na ce, "Mene ne? Faɗi a nan."

Ya dubi mutanen da ke zaune, ya dube ni, ya ce, "Ya fi kyau ka gani da idonka."

Na ɗaga murya na ce ya faɗa ko ya yi shiru. Sai ya ce, "Icce na mutuwa can ciki. Ruwa ba shi isa wurin, kuma wanda anka dasa bai kama ba."

Na riga na aika wa Alhaji saƙo a makon da ya wuce cewa kusan duka sun kama. Maganar Malam Arzika ta faɗo daidai kan wannan, kuma a gaban ma'aikatana. Maimakon in tashi in bi shi, tafiyar da ba ta kai minti goma ba, sai na ce hassada ce ke damun sa don Sahabi ya fi shi. Na ce tun farkon aiki shi ne baya a allo, yanzu kuma ya koma kai tsegumi. Na ce ya ajiye diga ya tafi, ba na buƙatar sa.

Ya jingine digar a jikin aduwa, ya juya ga mutanensa na gefen yamma ya ce, "Ku ci gaba da zuba toka a gindi saboda gara. Ku gyara gurbin ruwa in ya rushe." Sannan ya ce mini, "Allah shi ba mu alheri, Maigida." Ya hau kekensa ya tafi.

Daga ranar nan ba wanda ya sake kawo mini labari marar daɗi. Kowa ya ga abin da ake samu. Takarduna suka ƙara kyau, ni kuma na ƙara samun kwanciyar hankali.

Uwata, wanda ya zo miki da mummunan labari ya san za ki iya jin haushinsa, ya zo duk da haka. Irin mutumin nan ba shi da yawa a wurin aiki. Ko da kin ga alamar yana da wata manufa, ki tashi ki je ki duba tukuna, manufar tasa a bincika daga baya. In kuma ya ce ku keɓe, ki keɓe da shi. Malam Arzika mutuncina yake neman rufewa, ni na tilasta masa ya yi magana a cikin mutane, sannan na hukunta shi a kan hakan.

Da bazara ta kai tsakiya, Alhaji ya ce zai zo ya ga gonarsa. Ya zo da wani dattijo, Malam Istifanus, mutumin kudancin Kaduna, tsohon ma'aikacin gandun daji da ya yi shekaru masu yawa a nan Sakkwato har ya yi ritaya. Gajere ne, da malfa, da ɗan guntun rodi a hannu. Na shimfiɗa tabarma a inuwa, na kawo ruwan sanyi. Ya yi godiya ya ce, "Bari mu gaisa da itatuwan tukuna." Na nuna masa hanyar mota. Ya yi murmushi ya juya ga Alhaji ya ce, "Alhaji, faɗi wata lamba, kowace ce." Alhaji ya ce biyar. Ya ce, "To, layi na biyar za mu bi."

Muka fara da gefen gabas. Tun daga icce na huɗu na san na shiga uku. Ƙirare ne a tsaye, ba ganye. Malam Istifanus ba ya sauri, ba ya kuma tsallake ko ɗaya. Ya kankare ɓawo da farce ya duba ko akwai ɗanye a ciki, ya soka rodi a gindi ya ga inda ya tsaya. Can sai ya durƙusa ya tona guda, ya ciro shi gaba ɗaya. Ramin bai kai tsawon tafin hannu biyu ba, kuma dashen yana cikin baƙar ledarsa yadda ya baro lambuna, saiwar ta naɗe a ciki kamar zare. Ya miƙo mini. Na karɓa na riƙe, na rasa inda zan ajiye shi. Ya tona na biyu, ya tona na uku, duk haka.

Muka tsallaka yamma a cikin ranar nan mai ƙuna. Ya sa Alhaji ya sake faɗin lamba. A can, jefi-jefi ne za ka ga wanda ya mutu. Sauran sun yi yaushi saboda zafi, amma suna raye, kowanne da gurbinsa da toka a gindi. Rodin Malam Istifanus ya nutse har rabi. Ya tsaya ya cire malfa ya share gumi, ya ce, "Wa ya dasa nan?"

Na ce, "Wani ne, Malam Arzika."

"Ina yake?"

Na ce, "Na sallame shi."

Ya dube ni ɗan lokaci, ya mayar da malfarsa.

Da muka koma inuwa, ya gaya wa Alhaji gaskiya tsaf, bai rage ba bai ƙara ba: gabas ta tafi sai layin bakin hanya, yamma tana nan. Alhaji ya fusata, kuma yana da gaskiya. Ya ce, "Haliru, ka dubi idona ka ce mini sun kama!" Ya ce in kwashe kayana, zai kuma gaya wa duk wanda ya sani kada ya sake ba ni aiki. A garin nan, in mutum irinsa ya faɗi haka, lambu ya mutu ke nan, da ni da mutanen da ke ci a ƙarƙashina.

Malam Istifanus ya bari ya gama, sannan ya ce, "Alhaji, abin da ya gaya maka ba gaskiya ba ne, wannan ba musu. Amma in ka kawo sabon mutum, daga inda wannan ya fara zai fara. Shi wannan ya riga ya riƙe ledar a hannunsa. Ka bar shi ya sake dasa gabas da damina mai zuwa, daga lambunsa. Sharaɗi ɗaya ne, ya nemo wanda ya dasa yamma."

Ban taɓa ganin mutumin nan ba sai ranar, ba abin da zai samu a wurina. Ya kama ni dumu-dumu, bai kuma wulaƙanta ni ko da kalma ɗaya ba. Har yau in na ji an ce mai duba aiki, shi nake gani. Haka nake so ki zama. Ki rubuta gaskiya ko za ta ɓata wa wani rai, har da manyanki, domin su ma za su so rahoto mai daɗi kamar yadda na so. Kada ki goge wa kowa lamba. Amma bayan kin faɗi abin da ya lalace, ki faɗi abin da za a iya cetowa, da wanda zai iya ceto shi.

Kwana uku na yi ina kewaye-kewaye kafin in je Kwalkwalawa wurin Malam Arzika. Innarki ce ta ce mini, "Malam, kunyar da kake ji ba ta kai wadda ka ba shi ba. Ka tashi ka tafi." Na same shi a fadama cikin shinkafarsa, taɓo har ƙwauri. Na tsara maganganu tun daga gida, amma yana hango ni ya fito ya wanke hannu, muka gaisa, kafin in buɗe baki ya ce:

"Maigida, na kusurwar yamma, wurin da dutse yaf fi yawa, sun rayu? Akwai guda bakwai can da nike shakka."

Wata uku ke nan da na kore shi a gaban mutane, abin da ke ransa ke nan. Na ce ban sani ba, ban ƙirga su ba. Na ce, "Baba, na zalunce ka. Ka yafe mini." Ranar na fara ce masa Baba.

Ya ce, "Ya wuce. Allah shi yafe muna baki ɗaya. Yaushe za mu fara zuba iri a leda? In munka makara, dashen ba shi kai girman dasawa."

A nan ma sai da na kusa sake yin wani kuskuren. Na ce masa Sahabi zan kora, shi ya jawo mini wannan abin kunya. Malam Arzika ya girgiza kai ya ce, "Mi Sahabi yai? Rami kac ce, rami yab ba ka, kag gode mishi gaban kowa. Ka ba ni shi shekara guda." Na ba shi. Sahabi ya yi kuka ranar da aka nuna masa ledojin da aka tono, ya ce shi tunaninsa leda ruɓewa take yi a ƙasa, ba wanda ya taɓa gaya masa, ni ma ban taɓa ba. Yau shi ke riƙe da lambuna, kuma kin san ba mai yi wa mangwaro aure kamarsa a yankin nan. In kin tarar da ɓarna, Uwata, kafin ki nemi wanda za ki kora, ki binciki abin da aka ce masa ya yi da abin da aka koya masa.

Mun sake dasa gabas. Na sauke allon nan. Malam Istifanus ya riƙa zuwa wasu Asabar ɗin don ra'ayin kansa, shi ya koya mini in ba kowane layi sunan mutum guda, mai dasawa shi ne mai reno, kuma kada a ce aikin mutum ya yi kyau sai iccensa ya tsallake bazarar farko. Malam Arzika kuma ya kawo al'adar da har yau muke yi: in an taru, tambayar farko ita ce me ya mutu a makon nan, kuma wanda ya fara faɗa ba a yi masa faɗa. Alhaji ya karɓi gonarsa bayan shekara. Bai yabe ni ba, amma ya turo mini ƙaninsa da wani aikin. Malam Istifanus ya koma garinsu da tsufa ya kama shi, muna gaisawa ta waya da Sallah da Kirsimeti. Malam Arzika ya yi shekara goma sha ɗaya tare da ni kafin Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa itatuwan nan su zame masa sadaka mai gudana.

Za ki tarar da dattawa a gandun can waɗanda suka fara dasa icce tun ba a haife ki ba. Za su ji Sakkwatancinki su yi ta kwaikwayon ki, wasu kuma ba za su so mace ƙaramar yarinya ta duba musu aiki ba. Ki gaishe su da girmamawa, ki tambaye su abin da ƙasar wurin ke so, domin ba irin tamu ba ce. A cikinsu akwai mai kama da Malam Arzika, kuma da wuya ki same shi a saman takarda. Ki neme shi tun makon farko.

Ban cika jin tsoro a kanki ba. Bara, da kika zo hutu kina taya mu aiki, kin lura maganin da na haɗa wa dashen kashu ya yi ƙarfi yana ƙona ganye. Kin jira har ma'aikata suka tafi salla, sannan kika kawo mini ganye biyu a tafin hannu kika ce, "Baba, duba mini wannan, ko idona ne?" Ba idonki ba ne, kin kuma san ba shi ba ne. Abin da na yi shekaru ina koyo da wahala, na gan shi a wurinki kina da shekara ashirin da biyu. Na koma bayan rumfa na yi wa Allah godiya.

Ki riƙe salla a kan lokaci ko kina tsakiyar gandu. Ki sha ruwa da yawa, ki rufe kanki daga rana. Kada ki shiga daji ke kaɗai, kuma in mutanen wurin suka ce yau ba a bin hanya kaza, ki ji maganarsu. Ki riƙa kiran innarki, ita ba ta iya ɓoye damuwa.

Yanzu kin riga kin ga ban raka ki tasha ba, na ce miki ana jira na a lambu. Ba mai jira na, Uwata. Na san in na tsaya na ga motar ta tashi da ke, ba zan iya riƙe fuskata a gaban mutane ba, shi ya sa na ba innarki takardar nan ta saka miki a jaka. Ki yafe wa tsohonki wannan.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki daga sharrin mutum da na daji, Ya sa albarka a hannunki da duk abin da zai taɓa, Ya dawo mana da ke cikin mutunci. Na yafe miki duniya da lahira.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Haliru